Bayan Isha'i a Mabera

Shagona taku uku ne da rabi.
Wayoyi arba'in na shan wuta a bango
kamar 'yan awaki a nonon uwa ɗaya.
Caji naira ɗari, ɗari biyu in tura maka fim.
Gardama kuwa kyauta ce,
da bencinta take zuwa.

Sahabi bakanike ke buɗe fage,
baƙin mai bai gama barin farcensa ba.
"Wanga jirgi na jiya," in ji shi,
"shekara ɗari ukku shina tahiya cikin taurari,
ko fulogi ba a canza mai ba?
Duk cikinsu ban ga mai riƙe da sifana ba.
Ƙarya ta, aradu.
Tura min kashi na biyu."

Cika ba ruwansa da sama.
A ba shi ɗan barkwancin nan
da ya ci bashin rago ya ɓoye shi a banɗaki.
Sau tara ya kalla,
yana fara dariya tun ragon bai yi kuka ba.
Ya ce wanda bai sa ka ƙware da shayi ba
bai kai a ƙona masa data ba.

Lauwali kunne ɗaya yake ara mana,
ɗayan yana wurin kiɗa.
Ya ce waƙa ta mutu ran da aka sa wa murya inji,
kowa ya koma sauro cikin gwangwani.
Na yi shiru.
Ni ke cika masa kati, na san abin da ke ciki.

Kulu mai awara, daga bakin kasko,
ta jefo tata ba ta ko waiwayo ba:
"Duk jiragen nan, wa ke musu girki?
Ban taɓa ganin tukunya ba.
Kuma baƙin nan masu kai kamar gwanda,
me ya hana su sauka Kware ko Wamakko?"
Jabbi ya ce, "Su sauka nan da bazara,
da azahar, a shataletalen Dandima?
Kafin la'asar sun jinginar da jirgin
sun sayi ƙanƙara."

Daga nan aka koma kan mutumin ƙarfe,
wanda ya tsaya riƙe ƙofa
har yaran suka tsere, wuta ta cinye shi.
Cika ya rantse ya ga hawaye a idon Sahabi.
Sahabi ya ce hayaƙin Kulu ne.
Kulu ta ce ranar ba ta fito ba.

Sai janareto ya yi tari biyu,
ya mutu.

Duhu ya zauna tare da mu.
Ba wanda ya tashi.
Ban san wa ya fara ɗaga kai ba,
amma ga su nan birjik bisa rufin kwano,
kamar an zubar da buhun gero,
ba fassara, ba kashi na biyu.
Wani ɗan haske na tafiya a hankali
ta wajen Gawon Nama.
Lauwali ya zare abin kunnensa.
Har man kasko ya rage surutu.

Ni da na tura fim ya fi dubu
ban taɓa kallon ɗaya har ƙarshe ba.
A bakinsu nake jin yadda ake ƙarewa,
kuma kowa da nasa ƙarshen.

"Tauraron ɗan'adam ne," in ji Jabbi.
"Jirgin Legas ne," in ji Cika.
Sahabi ya daɗe yana bin sa da ido,
sannan ya ce, "Ko mi na ne,
injin nan nashi lafiya lau shike."

Na laluba jarka, na ɗauki mazurari.
Saura wayoyi goma sha ɗaya ba su cika ba.